Ƙurjin da Bai Fito Ba Tukuna Ake Yi wa Magani

Na shafe shekara shida ina fama da ƙurajen fuska kafin in je wurin likitan fata, kuma a tsawon wannan lokaci babu abin da na yarda da shi kamar cewa datti ne yake kawo su. Wannan ne ya sa nake wanke fuskata da sabulu mai ƙarfi sau biyar ko shida a yini, ina dirza ta da soso har sai ta fara raɗaɗi, idan kuma ta bushe ta ɗaure kamar fatar ganga sai in ɗauka ta fita tas. Da dare kuwa sai in tsaya a gaban madubi da fitilar waya a hannu, in bi ƙurajen ɗaya bayan ɗaya ina matse su da farce. A kuncina na hagu har yau akwai 'yan ramuka uku a jere, waɗanda wani babban ƙurji ya bari bayan na kwana biyu ina matsa shi alhali ba shi da bakin da zai fitar da komai. Duk wanda ya taɓa fasa fita saboda abin da ya gani a madubi da safe ya san cewa wannan lalura takan wuce fata ta shiga zuciya, kuma domin irinsa nake wannan rubutu.

Da na zauna a gaban likitar, na zaci za ta fara da tambayar irin man da nake shafawa, amma abin da ta so ta sani shi ne tsawon lokacin da nake ba kowane mai kafin in sauya shi. Na gaya mata gaskiya, cewa ba na wuce kwana goma ko mako biyu, domin idan ban ga canji ba a wannan tsakanin sai in yanke hukunci cewa bai karɓe ni ba, in nemi wani. Sai ta jawo takarda ta zana ƙofar gashi guda ɗaya, ta nuna mini cewa ƙurjin da nake gani yau ya yi makonni yana ginuwa a ƙarƙashin fata inda ido ba ya kaiwa, kuma mafi yawan magungunan ƙuraje babban aikinsu shi ne hana na gaba fitowa. Ashe duk man da na ajiye bayan kwana goma, ko da mai kyau ne, na ajiye shi tun kafin lokacin da aikinsa zai bayyana.

Ga abin da ke faruwa a wannan ƙofa. A jikin kowane gashi, har da 'yan siraran da ba a cika lura da su ba a goshi da hanci da kumatu, akwai wata ƙaramar jaka da ke samar da maiƙo, kuma maiƙon yakan bi ƙofar gashin ya fito waje ya kare fata daga bushewa. Idan mutum ya kai shekarun balaga, wasu sinadaran jiki da ake kira androjin, waɗanda maza da mata duka suke da su, sukan sa jakunkunan nan su girma su ƙara yawan abin da suke fitarwa. A daidai wannan lokaci matattun ƙwayoyin fata, waɗanda ya kamata su zube da kansu, sai su manne da juna, su cakuɗe da maiƙon, su toshe hanyar. Idan bakin ƙofar a rufe yake, sai a ga ɗan farin ƙullutu. Idan a buɗe yake, iska takan taɓa abin da ke ciki ya yi duhu, kuma shi ne baƙin ɗigon nan da ake gani a kan hanci, wanda mutane da yawa suke zaton ƙura ce ta maƙale. A cikin wannan toshewa ne wata ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes, wadda take zaune a fatar kowa, mai ƙuraje da marar su, takan sami wurin da babu iska ga kuma maiƙo a wadace, sai ta yawaita, garkuwar jiki kuma ta taso mata. Kumburi da zafi da mugunya duk daga wannan arangama suke fitowa. Idan kuma bangon ƙofar ya fashe ta ciki, abin da ke ciki ya bazu a zurfin fata, sai a sami manyan ƙuraje masu tauri da ciwo, waɗanda sukan yi makonni ba su kwanta ba, kuma su ne suka fi barin rami.

Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 sukan sami ƙuraje ko da kaɗan ne, wasu kuma, musamman mata, sukan ci gaba da fama har bayan shekara 30 ko 40. Gado yana da hannu a ciki, kuma ba a ɗaukar su daga wani. Tun da toshewar a ƙasan fata take, babu soson da zai kai gare ta, kuma wannan kaɗai ya isa ya sauke wa mai ƙuraje nauyin zargin ƙazanta da ake ɗora masa, wanda sau da yawa shi ma yake ɗora wa kansa.

Kulawar yau da kullum da likitar ta tsara mini ta yi sauƙin da ya ba ni mamaki, har sai da na yi shakkar ko za ta yi wani amfani. Wanke fuska sau biyu ne a rana, safe da dare, sai kuma idan an yi gumi sosai. Da tafin hannu ake yi, da ruwa mai ɗan ɗumi ko mai sanyi, a hankali, na kamar rabin minti, sannan a dafa tawul mai tsabta a tsane ruwan ba tare da gogewa ba. Kurkura fuska da ruwa zalla a tsakanin haka ba ya cutarwa, yawan sabulun ne matsalar. Dalili kuwa shi ne, saman fata yana da wani siririn shinge na maiƙo da ƙwayoyin fata wanda yake riƙe danshi ya kuma tare abubuwan da ke fusata ta. A ma'aunin tsami da ake kira pH, lafiyayyar fata tana kusa da 5, sabulun wanka na gama-gari kuwa yakan kai 9 ko 10, saboda haka duk wanda ya yawaita shi a fuska yana rusa wannan shinge ne da hannunsa. Jagoran kula da ƙuraje da hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, ta fitar a shekarar 2021 ya ba da shawarar a yi amfani da abin wanke fuska mai laushi wanda tsaminsa ya yi kusa da na fata, sau biyu a rana. Sabulu mai tsakuwa-tsakuwa da ake dirzawa, da ruwan goge fuska mai yawan alkohol, da man goge baki da wasu suke ɗorawa a kan ƙurji su kwana da shi, duk suna cikin abin da na daina, domin fatar da aka ƙona ba ta iya jure maganin gaskiya idan lokacinsa ya zo.

Abin da na fi jinkirin yarda da shi shi ne man da ke riƙe danshi. Na daɗe ina ganin fuskar da take ƙyalli da maiƙo tun kafin rana ta take ba ta buƙatar a ƙara mata wani mai, sai daga baya na gane cewa maiƙo daban, danshi daban, kuma fata tana iya yin maiƙo alhali a bushe take. Kusan duk magungunan ƙuraje suna busar da fata, kuma bushewar ce take sa mutane su daina su a makonnin farko. Mai marar nauyi, marar ƙamshi, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba ya toshe ƙofofin fata, shi ne abin da ke ba mutum damar ci gaba da magani har ya ga amfaninsa. Da safe kuma akwai man kariya daga rana, wanda lambar ƙarfin kariyarsa, wato SPF, ta kai 30 ko sama da haka. Masu duhun fata da yawa suna ganin ba su da buƙatarsa tun da rana ba ta cika ƙona su ba, amma a wurinmu ne ya fi muhimmanci ta wata fuskar: duk ƙurjin da ya kumbura yakan bar baƙin tabo bayan ya warke, tabon nan kuma rana tana ƙara masa duhu tana tsawaita zamansa, har ya kai ga ƙurjin da ya yi mako guda ya bar alamar da za ta yi wata shida ko fiye.

Akwai ƙananan abubuwa da ya kamata a lura da su. Man gashi mai kauri yakan gangaro goshi ya haifar da ƙananan ƙuraje a layin gashi, don haka wanda nasa suka taru a nan ya fara duba abin da yake sa wa kansa. Kwalliya ba laifi ba ce muddin marar toshe fata ce kuma an wanke ta kafin barci. Duk abin da ke matse fata yana goga ta tsawon lokaci, kamar igiyar hular kwano ko takunkumin fuska, yana iya tayar da ƙuraje a daidai inda yake taɓawa. Game da matsa kuwa, ba zan gaya wa kowa cewa dainawa abu ne mai sauƙi ba, domin hannu yakan kai wurin tun kafin tunani ya kai. Abin da ya taimake ni shi ne wata 'yar filasta ta musamman da ake mannawa a kan ƙurji, wadda take tsotse ruwansa, ta kuma shiga tsakaninsa da farce.

Kafin in shiga batun magunguna, akwai gargaɗin da nake jin nauyinsa a wuyana, wato man shafawa mai sinadarin sitiroyid, irin su kilobetasol da betametazon. An yi su ne domin wasu cututtukan fata masu kumburi da ƙaiƙayi, a yi amfani da su na ɗan lokaci bisa umarnin likita, amma sukan shiga hannun masu ƙuraje, ko kai tsaye ko a ɓoye cikin man hasken fata. Haɗarinsu yana cikin daɗin da suke fara bayarwa: a kwanakin farko kumburi yakan kwanta, fuska ta yi sumul ta yi haske, mutum ya ɗauka ya dace. Na ga yadda abin ya ƙare a fuskar wata 'yar'uwata bayan ta yi watanni tana shafawa. Ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya suka feso mata a goshi da kumatu, fatar ta yi siriri har ana hango ƙananan jijiyoyi, duk ranar da ta gwada dainawa kuma sai fuskar ta yi zafi ta ƙara rikicewa, dole ta koma. Garin neman gira ta kusa rasa ido, kuma sai da likita ya janye ta daga man a hankali cikin watanni kafin a fara maganin ƙurajen na asali. Duk man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, kuma ya gyara fuska cikin kwana uku, ya cancanci a yi masa mummunan zato.

Magungunan shafawa da aka tabbatar da amfaninsu ba su da yawa, kuma biyu ne ginshiƙansu. Na farko shi ne benzoyil feroksayid, wanda yake kashe ƙwayar cutar ya kuma taimaka wajen buɗe ƙofar, kuma babbar falalarsa ita ce ƙwayar ba ta sabawa da shi balle ta daina jin sa. Ana samunsa a ƙarfi daban-daban, kashi 2.5, kashi 5 da kashi 10 cikin 100, kuma bincike ya nuna cewa mafi ƙanƙantar yana aiki kusan daidai da mafi girma, sai dai ya fi shi sauƙin raɗaɗi, don haka babu dalilin farawa da babba. Yana cinye launin tufafi. Tawul ɗina mai ruwan bula ya yi dabbare-dabbare a makon farko, tun daga nan na koma amfani da farin tawul da farin zanen matashin kai. Na biyu shi ne dangin magungunan da ke da alaƙa da bitamin A, waɗanda suke gyara yadda ƙwayoyin fata ke zubewa a cikin ƙofar, wato suna tare toshewar tun daga tushenta. Tsohon cikinsu shi ne tiretinoyin, wanda Albert Kligman da James Fulton suka yi aiki a kansa a Jami'ar Pennsylvania, aka kuma amince da shi a Amurka a 1971. Adafalin, wanda aka fi sani da sunan Differin, ya zo daga baya a 1996, ya fi sauƙi a fata, kuma a 2016 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da mai ƙarfin kashi 0.1 ba tare da takardar likita ba. Mai juna biyu, ko mai shirin ɗaukar ciki, ba ta amfani da wannan dangi gaba ɗaya.

Yadda ake shafawa ya kai maganin kansa muhimmanci, kuma a nan ne na ga mutane da yawa suna kuskure. Ba a kan ƙurji ɗaya ake ɗiga adafalin ba, domin wanda ya riga ya fito ya fito. Ana shafa shi ne a duk yankin da ƙuraje suka saba fitowa, saboda waɗanda suke kan hanya. Da dare ake yi, bayan fuska ta bushe sarai, kuma abin da bai wuce girman ƙwayar carbi ba ya ishi fuska duka: a ɗiga a goshi, da kumatu biyu, da haɓa, a baza shi siriri, a kauce wa gefen ido da laɓɓa da kusurwar hanci. A farko dare biyu ko uku a mako ya isa, sai a riƙa ƙarawa gwargwadon yadda fata ta jure. Ni a mako na uku fatar gefen bakina ta yi ta saɓa, sababbin ƙuraje kuma suka ƙaru, har na ɗauki bututun zan jefar. Abin da ya tsayar da ni shi ne likitar ta riga ta faɗa mini haka na iya faruwa, ta kuma sa ni in riƙa ɗaukar hoton fuskata kowace Asabar da safe a bakin taga ɗaya, cikin haske ɗaya. Madubi yana nuna wa mutum ƙurjin yau ne kawai, hotuna kuwa da na jera su na ga cewa a mako na bakwai sababbin da ke fitowa sun ragu ƙwarai, a mako na goma sha biyu kuma goshina ya yi santsin da na manta da shi. Wannan shi ne ma'aunin da likitoci suke bi: a sa ran fara ganin canji a mako 6 zuwa 8, kada kuma a yanke wa magani hukunci kafin mako 12.

Akwai wasu na shafawa da suke da nasu gurbi. Asid ɗin salisilik, mai ƙarfin kashi 0.5 zuwa 2, yana taimaka wa mai ƙananan toshewa marasa kumburi. Asid ɗin azelayik, mai ƙarfin kashi 15 ko 20, yana rage ƙuraje yana kuma dusashe baƙin tabo, ga shi likitoci sukan zaɓe shi ga masu juna biyu, don haka ina ganin ya cancanci a san shi fiye da yadda aka san shi. Kilindamaisin kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne na shafawa, wanda ba a so a yi amfani da shi shi kaɗai, sai a haɗe da benzoyil feroksayid, domin kada ƙwayar ta saba da shi.

Idan ƙurajen sun yi yawa, sun kumbura, ko sun bazu zuwa baya da ƙirji, likita yakan ƙara da ƙwayoyin sha masu kashe ƙwayoyin cuta, kuma wanda aka fi bayarwa shi ne doksisaikilin ko wani daga danginsa. Ni ma na sha shi na wata uku tare da na shafawa. Ana haɗiye shi da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, ba a kwanciya nan da nan bayan an sha domin yana iya ƙona maƙoshi, yana kuma sa fata ta ƙara jin rana. Ba a ba mai juna biyu ko ƙaramin yaro. Abin da nake so a riƙe shi ne wannan magani na wa'adi ne, yawanci wata uku zuwa huɗu, aikinsa ya kwantar da tarzomar kafin na shafawa su karɓi ragama. Wanda yake sayensa da kansa yana sha shekara da shekaru, duk lokacin da ƙurji ya fito ya haɗiyi biyu ko uku ya daina, yana koya wa ƙwayoyin cutar jikinsa jure magani ne, kuma illar hakan ba a fuskarsa kaɗai za ta tsaya ba.

Ga mata akwai wata ƙofa ta daban. Ƙurajen da suka fi taruwa a haɓa da muƙamuƙi, masu zurfi, masu tashi gab da zuwan al'ada, sau da yawa suna da alaƙa da sinadaran jiki, kuma likita na iya ba da ƙwayoyin tsarin iyali masu haɗin sinadari biyu, ko sifironolakton, wanda yake rage tasirin androjin a kan jakunkunan maiƙo. Dukansu suna buƙatar watanni kafin a ga amfaninsu, kuma dukansu suna da waɗanda ba su dace da su ba: na farko yana da haɗari ga mai tarihin daskarewar jini, ko hawan jini, ko wani nau'in ciwon ɓarin kai, na biyu kuma ba a shan sa da ciki. Macen da ƙurajenta suka zo tare da rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa ko ƙirji ya kamata ta faɗa wa likita duka, domin yana iya zama alamar lalurar da ake kira PCOS, wadda take rikita aikin ma'ajiyar ƙwan mace, kuma ita ma tana buƙatar kulawarta.

Mafi ƙarfin duka shi ne aisotiretinoyin, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1982 da sunan Accutane, wasu ƙasashe kuma suka san shi da Roaccutane. Shi kaɗai ne yake taɓa duka sassan matsalar a lokaci guda, domin yana ƙanƙance jakunkunan maiƙo, ya hana toshewa, ya rage ƙwayar cutar da kumburin. Ana ba masu manyan ƙuraje masu barin rami, ko waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, ana auna shi da nauyin jikin mutum, ana kuma sha na kimanin wata huɗu zuwa shida, kuma da yawa daga waɗanda suka kammala sukan sami sauƙi mai ɗorewa, ko da yake wasu sukan buƙaci zagaye na biyu. Ban sha shi ba, amma na zauna da wanda ya sha, na ga laɓɓansa suna tsagewa har ba ya rabuwa da man leɓe a aljihu, na kuma ga bayansa da ya yi shekaru yana ɓata masa riga da jini ya warke. Babban haɗarinsa shi ne yana nakasa jaririn da ke ciki nakasa mai tsanani, saboda haka dole mace ta tabbatar ba ta da ciki kafin ta fara, ta kuma kiyaye ɗaukarsa a duk tsawon shan maganin har zuwa wata guda bayan ta gama. A Amurka tun 2006 akwai wani tsari mai suna iPLEDGE da aka kafa domin tabbatar da hakan. Mai shan sa ba ya ba da gudummawar jini, ba ya haɗa shi da doksisaikilin ko ƙarin bitamin A, ana duba hantarsa da kitsen jininsa, ana kuma bibiyar yanayin zuciyarsa, idan ya ji baƙin ciki ko ƙunci da bai saba ba ya sanar da likita nan take. Magani ne mai daraja a hannun likita, kuma ina roƙon duk wanda ya ga ana tallarsa a intanet kada ya saya ya sha da kansa.

Da za a tambaye ni yaushe ya kamata a je asibiti, zan ce tun kafin lokacin da ni na je. Wanda ya yi wata uku yana bin kulawa mai kyau da maganin shafawa bai ga canji ba, da wanda yake da ƙuraje masu zurfi da ciwo, da wanda ya fara ganin rami ko tabo mai tudu, da wanda abin ya fara hana shi shiga mutane, duk bai kamata su jira ba. Babban ƙurji guda mai taurin kai likita yana iya yi masa 'yar allura ya kwanta cikin kwana biyu ko uku, da na san haka da ban sa masa farce ba. Zuwa asibiti yana kuma raba mutum da ruɗu, domin ba duk abin da ya fito a fuska ne irin waɗannan ƙurajen ba: ƙurajen aski daban suke, haka ma ƙanana masu ƙaiƙayi masu kama ɗaya da wani nau'in naman gwari yake haddasawa, waɗanda magungunan kashe ƙwayoyin cuta sukan ƙara tsananta su.

Ya kamata kuma a bambanta tabo iri biyu, domin ganin su a matsayin abu ɗaya yana sa mutane yanke ƙauna ba gaira ba dalili. Baƙin tabo wanda yake a shafe, wanda idan an shafa yatsa ba a jin komai, launi ne kawai, kuma yakan dusashe da kansa cikin watanni idan sababbin ƙuraje sun daina fitowa, adafalin da azelayik da man kariya daga rana kuma suna gaggauta tafiyarsa. Rami kuwa asarar naman fata ne, babu man da zai cike shi, sai dai hanyoyin asibiti kamar hasken leza ko huda fata da ƙananan allurai, waɗanda suke rage shi ba tare da sun shafe shi gaba ɗaya ba, kuma ba a fara su sai ƙurajen sun lafa. Masu duhun fata su nemi wanda ya ƙware a irin fatarsu, domin wasu daga cikin hanyoyin nan suna iya barin nasu duhun idan ba a yi hattara ba.

Bayan fuskata ta kwanta na yi kuskure guda: na ɗauka an gama, na daina komai, kuma cikin wata biyu ƙurajen suka fara dawowa a haɓata, domin jakunkunan maiƙon da halin toshewar suna nan yadda suke. Likitar ta mayar da ni kan adafalin shi kaɗai, ba tare da ƙwayoyin sha ba, kuma a kansa nake har yanzu, dare uku ko huɗu a mako, tare da wanki biyu, da man danshi, da man rana da safe. Baƙaƙen tabon da suka cika kumatuna sun tafi cikin kimanin shekara guda, ramukan nan uku kuma suna nan, ina tunanin kai su asibiti nan gaba. Kusan kowane wata ƙurji ɗaya ko biyu sukan fito mini a haɓa kafin al'ada, sai in manna musu filasta in kama harkokina, cikin kwana huɗu ko biyar su kwanta ba tare da sun bar alama ba.